Yadda ake cire ƙas da bum daga samfurin sauti a kan injin samfula

Samfur guntun sauti ne da aka ɗauka a injin samfula don a riƙa buga shi a kiɗa, kuma duk ƙas ɗin da ka ji a cikinsa tsalle ne. Injin da ke ɗaukar sauti a 44.1 kHz yana ajiye lambobi 44,100 a kowane sakan, za mu riƙa kiran kowace lamba ɗigo, kuma kowane ɗigo yana gaya wa fatar lasifika inda za ta tsaya a wannan lokacin. A inji mai bit 16 lambobin suna tafiya daga -32,768 zuwa 32,767, sifiri yana tsakiya, shi ne wurin hutun fatar. Idan ɗigo ya bi ɗigo daki-daki, kunne ba ya jin komai sai kiɗa. Amma a ce fatar tana hutawa a sifiri, ɗigo na gaba ya fizge ta zuwa 9,000 kai tsaye, to wannan fizgar ita ce ƙas. In ta faɗo a kan sauti mai kauri irin na bes, ko aka saukar da muryar samfurin ƙasa, sai ƙas ɗin ya yi jiki ya koma bum. Cuta ɗaya ce, maganinta ne ya bambanta gwargwadon inda ta ɓullo.

Saboda haka kada ka fara da gyara, fara da bincike.

Gano inda yake

Sa hedifon, domin lasifikar ɗaki tana ɓoye ƙananan tsalle. Kashe duk wani eko, amsa-kuwwa da kwamfuresa (mai danne sauti mai ƙarfi don ya kusanci mai rauni), ka ware samfurin shi kaɗai, ka buga shi da hannu sau da yawa. Lura da lokacin da ƙas ɗin ke zuwa: da taɓa madanni, ko a ƙarshe, ko duk sanda maimai, wato sashen da injin ke ta juyawa (LOOP), ya koma farko, ko a wani wuri tsakiya wanda ba ya canzawa. In kuwa da hannu ba ka ji komai, sai sikwensa, wadda ke buga sautuka a jere da kanta, tana gudu yake fitowa, to samfurin lafiyarsa ƙalau, wani sauti ne ke yanke wani, kuma ko ka kwana kana datse-datse ba zai tafi ba.

In ƙas ɗin ya yi gajarta har ka kasa sanin wurinsa, saukar da muryar samfurin da oktaf ɗaya, wato -12, ko biyu, -24. A -24 komai yana tafiya a rubu'in saurinsa, abin da bai kai milisakan ɗaya ba zai miƙe har kunne ya kama shi. In ka gama ka mayar da murya inda take.

Kafin ka taɓa duk wani umarni da ke sake rubuta samfurin, irin su Discard, Delete ko Fade, yi kwafi ka ba shi wani suna. Yawancin tsofaffin injuna ba su da hanyar komawa baya. Matsar da START da END ba ya ɓata komai, haka ma juya ATTACK da DECAY (lokacin tasowar sauti da na dusashewarsa), don haka da su ake farawa.

Ƙas a farkon samfur

Shiga shafin datsewa, wanda a injunan Akai da yawa aka rubuta masa TRIM. Zuƙo zanen igiyar a kan START har sai ka ga tana hawa da sauka ɗaya bayan ɗaya, ba baƙin dunƙule ba. Yawanci za ka tarar alamar farawa ta sauka a kan tudu ko a cikin kwari. Matsar da ita zuwa inda igiyar ta ratsa layin tsakiya. Sababbin injunan MPC na Akai suna da 0 Snap, in ka kunna shi alamar tana manne wa irin waɗannan wurare da kanta.

Wane gefe za ka matsa, gaba ko baya? Ga ganga, baya. Ƙarfin kik (babbar ganga mai kauri) ko siniya (ƙaramar ganga mai kaifi) yana cikin milisakan na farko-farko, in ka ci gaba ka cinye su bugun zai yi laushi kamar an lulluɓe shi da bargo. Koma baya har gaban inda bugun ya tashi, ka bar ɗigo 20 zuwa 50, wato kusan rabin milisakan zuwa ɗaya. Fiye da haka kuma bugun zai riƙa makara a cikin kiɗa. Ga bes akwai lissafin da ya kamata ka riƙe: sauti mai 55 Hz yana cika zagaye ɗaya a ɗigo 802, yana ratsa layin tsakiya duk bayan ɗigo 401, kusan milisakan 9. Ke nan manne wa sifiri zai iya gusar da farkon da milisakan huɗu ko fiye, kuma a kan bes mai tafiya tare da kik ana jin wannan.

Injuna irin su SP-1200 na 1987, da S950 da MPC60 na 1988, ba su nuna zanen igiya ko kaɗan, lamba kawai kake gani. A nan kunne ne ido. Saukar da murya, ka riƙa ƙara lambar START kaɗan-kaɗan kana bugawa. Za ka ji ƙas ɗin yana ƙaruwa, ya ragu, ya sake ƙaruwa. Inda ya fi raguwa nan ne igiyar ta ratsa tsakiya. Tsaya a nan.

Samfurin sitiriyo yana da tasa rigimar. Hagu da dama igiyoyi biyu ne daban, da wuya su ratsa sifiri a ɗigo ɗaya, sai ka gyara hagu dama ta ɗauki ƙas. Kada ka ɓata lokaci neman inda suka haɗu. Zaɓi inda dukansu suke kusa da layin, sannan ka ɗaga ATTACK a shafin ambulan na ƙarfin sauti, wato inda ake tsara tasowar sauti da dusashewarsa. Milisakan 1 zuwa 3 sun isa yawancin abubuwa. A injin da ke ƙirga 0 zuwa 100 maimakon milisakan, kamar MPC2000XL, tashi daga 0 zuwa 1, saurara, sannan 2. Da ƙas ya tafi ka cire hannu, duk abin da ka ƙara bayan nan daga ƙarfin bugun kake yankowa.

Ba kowane ƙas na farko ne abin kora ba. A kan kik, ɗan wannan kaifi shi ke sa a ji bugun a ƙaramar lasifikar waya wadda ba ta iya fitar da kauri. Saurare shi a cikin kiɗan gaba ɗaya kafin ka yanke masa hukunci.

Ƙas a ƙarshe

Wannan ya fi sauƙi, domin ba wanda ke kewar ƙarshen wutsiya. Kai END kan layin tsakiya, sannan ka ba sautin ɗan lokacin mutuwa. Hayhat (faifan ƙarfe na jerin ganguna) da tafi, milisakan 2 zuwa 5. Murya da fiyano, 5 zuwa 15. Bes, 15 zuwa 30, saboda zagaye ɗaya na 50 Hz shi kansa milisakan 20 ne, in ka dusar da shi cikin milisakan 2 ba ka kashe tsallen ba, ka dai mayar da ƙas bum.

A MPC2000XL akwai zaɓin yanayin DECAY tsakanin START da END. In ka sa END, dusashewar tana ƙarewa daidai ƙarshen samfurin, kuma ita ake so a nan. A wasu injunan RELEASE yana fara aiki ne bayan ka saki madanni, don haka in samfurin ya riga ya kai END kafin ka saki, ba abin da ya rage da zai dusar, ƙas yana nan daram. Mafita biyu ce: ko ka gajarta tsawon bugun a sikwensa yadda RELEASE zai gama kafin END, ko ka zaɓi ɗigo 200 zuwa 900 na ƙarshe ka yi musu Fade Out, wanda ke rubuta dusashewar a jikin samfurin. Na biyun ya fi tabbas, sai dai ka sani yana bin murya: in ka buga samfurin oktaf ɗaya sama, tsawon dusashewar ya koma rabi.

Maimai, inda aikin yake

A maimai, ɗigon ƙarshe yana miƙa wa ɗigon farkon LOOP hannu, kuma dole su dace ta fuska uku. Tsayinsu ya zama ɗaya, shi ya sa ake son sifiri. Alkiblarsu ta zama ɗaya: in igiya tana hawa a ƙarshe, ta ci gaba da hawa a farko. Mutane da yawa suna sa duka biyun a sifiri, ɗaya mai hawa ɗaya mai sauka, su yi ta mamakin me ya sa har yanzu akwai ƙas. Na uku, ƙarfin sauti da launinsa a wuraren biyu su yi kama, in ba haka ba ko babu ƙas za ka ji wani numfashi yana kai da komowa.

Ga yadda ake bi. Tsallake farkon sautin, inda yake ta canzawa, ka nemi inda ya zauna. Kafa END tukuna a inda igiya ke ratsa tsakiya tana hawa. Sannan ka jawo farkon maimai kana saurara, shi ma a wurin hawa, kuma a irin wannan matsayi na zagayen. Igiyar kayan kiɗa na gaske tana iya ratsa tsakiya sau huɗu ko shida a zagaye ɗaya, don haka dubi siffar da ke maimaituwa, babban tudu da 'yan ƙanana a bayansa, ka yanka a gaban babban tudun a wuraren biyu. Tsawon maimai ya zama cikakkun zagaye. Sauti mai 110 Hz yana da ɗigo kusan 401 a zagaye, to tsawon da zai yi aiki yana kusa da 401, 802, 4,009 da makamantansu. In maimai ɗin zagaye ɗaya ne tak, tsawonsa ne ke yanke murya: ɗigo 100 a 44.1 kHz suna ba da 441 Hz, sama da 440 da kusan santi 4 (oktaf ɗaya santi 1,200 ne), sai ka rage a madaidaicin murya.

Sautin da ke da motsi a ciki, irin tarin kayan tsirkiya ko muryoyi da yawa, ba shi da zagaye biyu masu kama da juna. Nan ake sarƙe bakin biyu, abin da injuna ke rubutawa XFADE, kuma S1000 ta Akai tana da shi tun 1988. Injin yana cuɗa ƙarshen maimai da sautin da ke gab da farkonsa, ɗaya na dusashewa ɗaya na kunnowa. Abin kula shi ne sai da sauti a gaban farkon maimai, in ka kafa shi a ɗigo na farko na samfurin ba abin da za a cuɗa. Yi maimai mai ɗan tsawo, rabin sakan ko fiye, fara sarƙewa da milisakan 10 zuwa 20, ka ƙara in bai isa ba. In ka ji sautin yana lotsawa a tsakiyar sarƙewar, igiyoyin biyu suna cin juna ne, matsar da farkon maimai rabin zagaye ka sake gwadawa daga kwafi. A tsofaffin injuna kowace sarƙewa tana rubutuwa a jikin samfurin, in ka yi ta a kan wata sau uku sai wurin ya dagule.

Maimai mai zuwa ya dawo da baya, wanda ake rubuta masa ALT ko PING-PONG, dokarsa ta saɓa. Tunda igiyar juyowa take yi a kan sawunta, ba tsalle a tsayi, sai dai kusurwa. In ka juya ta a sifiri, inda take gudu da sauri, kusurwar tana da kaifi kuma ana jin ta. Juya ta a ƙololuwar tudu ko a gindin kwari, inda dama ta tsaya cik.

Maimai na ganga kuwa lissafi ne kafin komai. A bugu 90 a minti, gaɓa mai bugu huɗu sakan 2.667 ce, ɗigo 117,600. In manne wa sifiri ya rage maka ɗigo 60, ba laifi muddin sikwensa ce ke sake tayar da samfurin a kowace gaɓa. In samfurin ne ke juyawa da kansa, wannan ragin yana taruwa har kiɗan ya zame daga sauran.

Lokacin da sauti ke yanke sauti

Ka yanyanka waƙa gutsure goma sha shida, kowanne shi kaɗai tsaf, amma a jere sai ƙas-ƙas. Dalili shi ne an sa su MONO ko a rukunin MUTE guda, sabon gutsure yana kashe tsohon a duk inda ya same shi, ko da a kan tudu ne. Wasu injunan suna ɗan dusar da wanda aka kashe, wasu suna datse shi kawai.

Gyaran yana cikin sikwensa. Sa madannan a yanayin da sauti ke bin tsawon bugu, NOTE OFF ko GATE, ka ba su RELEASE gajere, sannan ka rage tsawon kowane bugu yadda zai mutu kafin na gaba ya shigo. Tsofaffin MPC suna raba bugu ɗaya kashi 96, a bugu 90 a minti kowane kashi kusan milisakan 7 ne, don haka rage kashi 2 ko 3 ya ba ka sarari na milisakan 14 zuwa 21. In giɓin ya fito fili, mayar da su POLY ka bar wutsiyar tsohon ta shiga ƙarƙashin sabon na milisakan 10. Ban da bes mai dogon jan numfashi: biyu a kan juna suna cin junansu, kaurin ya riƙa zuwa yana ɓacewa. Shi giɓi ya fi masa.

Duba kuma yawan muryoyin injin. SP-1200 da S950 takwas gare su, MPC2000XL tana da 32, kuma samfurin sitiriyo yana cin biyu a yawancin injuna. In sun ƙare, injin yana ƙwace ɗaya daga sautin da ke tsakiyar kaɗawa. Samfuran da ke jan dogon shiru a wutsiya su ne ɓarayin muryoyi, datse su.

Filta ma tana haifar da nata. In ambulan ɗinta yana buɗewa daga rufe zuwa buɗe a ATTACK 0, ga RESONANCE, wato kaifin filtar, a sama, za ka ji ƙyas a kan kowane bugu. Ɗaga ATTACK na filtar da ɗaya ko biyu.

Igiyar da ba ta zauna a tsakiya ba

In ka zuƙo wurin da babu sauti ka ga layin yana kwance sama ko ƙasa da tsakiya, akwai tsayayyar wuta a cikin ɗaukar, abin da ake kira DC. Irin wannan samfur yana yin bum a farko da ƙarshe ko da ka yanka a cikin shiru, domin shirun nasa ba sifiri ba ne. Wuce da shi ta filtar da ke zubar da ƙasa a 20 zuwa 30 Hz, ka sake ɗaukarsa. In injinka filtar rage sama kawai gare shi, yi Fade In da Fade Out na milisakan 10 a bakin biyu. Kuma ka cire DC kafin ka yi Normalize, umarnin ɗaga samfur zuwa iyakar ƙarfinsa, don yana ɗaga shi tare da sautin.

Ƙas a tsakiyar samfur

Yawanci daga faifan garmaho yake, ƙura ko karce. Mafi arhar magani shi ne goge faifan da burushinsa, share bakin allura, a sake ɗauka. In waƙar tana maimaita wannan gaɓar a gaba, ɗauko ta can, ko ka ciro bugun da ya lalace kaɗai daga can ka maye gurbinsa. In ba ka buƙatar sitiriyo, saurari hagu da dama daban, sau da yawa karcen ya fi cin gefe ɗaya. Haɗe su zuwa mono ma yana rage wani kaso, domin hayaniyar da ke sa allura motsin sama da ƙasa tana fitowa a gefen biyu da saɓanin alkibla, sai ta soke kanta.

In ba makawa sai tiyata, zuƙo har ka ga ƙas ɗin, siririn tsini ne da ya fita daga tsarin igiyar, tsawonsa ɗigo 10 zuwa 60 galibi. Kafa alama ɗaya a ratsawar tsakiya da ke gabansa, ɗaya a ta bayansa, dukansu masu hawa ko dukansu masu sauka, ka yi Delete don bakin biyu su haɗe. In akwai sauti mai murya a ƙarƙashi, bes ko fiyano, cire cikakken zagaye ɗaya nasa, in ba haka ba ka cire ƙas ka dasa bum. Cire ɗigo 40 bai kai milisakan ɗaya ba, ba mai ji. Cire zagayen bes na ɗigo 800 kuwa milisakan 18 ne, duk abin da ke bayansa zai riga lokacinsa, sai ka raba samfurin a nan ka sa kashi na biyu a madanninsa. Kada ka yi amfani da Silence a kan tsinin sai in gefen biyu suna sifiri, in ba haka ba rami ka haƙa mai baki biyu, ƙas ɗaya ya zama biyu.

Wanda ya ƙi ciruwa, a rufe shi. Ware gutsuren da yake ciki, ka saukar da filtar rage sama a kansa shi kaɗai zuwa wajen 5 ko 6 kHz, ko ka ɗora hayhat daidai wurin. Ƙananan tartsatsin faifai da ke bazu ko'ina kuwa ba aikin samfula ba ne, ɗaya-ɗaya ba za su ƙare ba. Ko ka karɓe su a matsayin ɗanɗanon faifai, ko ka kai fayil ɗin kwamfuta. Abu ɗaya dai: tartsatsi mai ƙarfi a cikin maimai yana dawowa a wuri ɗaya kowace gaɓa har ya zama kamar wani bugu, wannan kam a cire shi.

Wanda aka ɗauko tun daga ƙofa

Sautin da ya wuce 0 dB wajen ɗauka ana aske masa kai, tudun ya zama shimfiɗaɗɗe mai kusurwa biyu, ana jin sa kamar yagewa a kan bugu masu ƙarfi. Rage ƙarfi daga baya ba ya dawo da abin da aka aske. Sake ɗauka, mafi ƙarfin bugu yana tsayawa wajen -6 dB. In kana barin injin ya fara ɗauka da kansa sa'ad da sauti ya kai wani mataki, THRESHOLD mai yawa yana sa ya fara a tsakiyar bugun farko. Rage shi, ko ka kunna PRE-REC in akwai, ko kawai ka fara ɗauka da hannu sakan ɗaya kafin sautin.

Bum na makirfo iska ce daga harufa irin b da p. Sa raga tsakanin baki da makirfo, tazarar santimita 15, a ɗan karkatar da shi gefe. Wanda ya riga ya shiga, filtar zubar da ƙasa a 80 zuwa 100 Hz a kan wannan gaɓar kalmar kaɗai tana rage shi sosai.

In ta wayar dijital kake ɗauka, S/PDIF, kuma ƙas yana zuwa a tazara kusan daidai ko da wane sauti ne, agogon na'urorin biyu ne bai daidaita ba. Sa samfula ta bi agogon mai aikowa, kuma su zama a sauri ɗaya, 44.1 da 44.1 ko 48 da 48. Ƙas mai zuwa ba tsari, musamman in an taɓa waya, jak ne ya saki ko ya yi datti.

Fayil ɗin WAV da aka kawo daga kwamfuta wani lokaci yana ɗauke da ƙarin bayanai a bayan sautin, suna da alamomi, kuma wasu tsofaffin injuna suna karanta su kamar sauti, sai ka ji ƙyas a can ƙarshe bayan komai ya yi shiru. Jawo END baya ka yi Discard, ko ka sake fitar da fayil ɗin a bit 16, 44.1 kHz, ba tare da waɗannan bayanan ba.

Bayan kowane gyara mayar da kwamfuresa da eko ka sake saurara a cikin kiɗan. Kwamfuresa tana ɗaga wutsiyoyi masu rauni, ƙas ɗin ƙarshe da ba ka ji a bushe yana iya tasowa da 6 dB ko fiye, eko kuma ya maimaita maka shi sau huɗu. Buga samfurin a mafi ƙasa da mafi saman muryar da za ka yi amfani da ita, sannan ka adana samfur da shirinsa duka biyun, domin a injuna da yawa START da END suna tare da samfurin, ATTACK da DECAY kuma suna cikin fayil ɗin PROGRAM.